Bas mai ƙaho biyu: yadda garuruwan Birtaniya suka ja waya, suka kuma naɗe abarsu

Wata ranar Asabar ina zaune a shagon wani Alhaji mai sayar da kayan wuta a kasuwar Alaba, bai daɗe da dawowa daga Guangzhou ta ƙasar Sin ba, inda yake zuwa saro kaya. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, kai da ke yawan karance-karance, duba mini wannan. Mota ce ko jirgi?" Bidiyo ne da ya ɗauka da hannunsa a bakin titi. Bas ce sak, tayoyin roba, direba riƙe da sitiyari, amma a kan rufinta akwai dogayen sanduna biyu da suka kwanta baya kamar ƙahon barewa, bakinsu na goge wasu wayoyi biyu da aka ja a sama tsawon titin. Ta tsaya, mutane suka sauka, ta ja. Ba ta da salansa, ƙararta kuwa ba ta fi ta fanka ba. Alhaji ya ce, "Wallahi a bayanta nake tsaye, ko tari ban yi ba." Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ojota ko Oshodi da magariba, danfo na hura masa baƙin hayaƙi a fuska, ya san nauyin wannan magana.

Turawa na kiranta tirolibas. Ni bas mai ƙaho zan riƙa ce mata, don sunan ya fi kama da ita. Na gaya wa Alhaji cewa abin da ya gani a Sin tsohon abu ne, har ma ƙasar da ta gina mana gadar Carter da tashar jirgin Iddo ta taɓa samun irinta a garuruwa wajen 50, yau kuma ko ɗaya babu a kan titinta. Yadda aka yi hakan ta faru shi ne abin da nake son warwarewa, domin ya shafe mu a Legas fiye da yadda ake zato.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Wutar lantarki sai ta samu hanyar zuwa da hanyar komawa. Tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin tsakiyar titin gari, yana ɗaukar wuta daga waya ɗaya a sama, ta koma ta cikin dogon ƙarfen da yake takawa. Bas kuwa roba take takawa, roba ba ta wuce da wuta, shi ya sa dole a ja mata waya biyu da sanda biyu, ɗaya ta kawo, ɗaya ta mayar. Ƙarfin wutar yakan kai bolt 500 zuwa 600, daga ƙananan tashoshi da ake dasawa jefi-jefi a kan hanya. Sandunan na juyawa, don haka direba na iya kaucewa motar da ta lalace a gabansa ko ya matsa bakin titi ya ɗauki fasinja. Abin da ba zai iya ba shi ne ya wuce 'yar'uwarta da ke kan waya ɗaya da shi, ko ya bi layin da ba a ja masa waya ba. Idan ya sha kwana da gudu kuma sanda takan zame ta bar waya, mota ta mutu a tsakiyar titi. A Ingila kwandasta kan sauko ya zaro wata doguwar gora da ake ajiyewa a ƙarƙashin motar, ya saƙalo sandar ya mayar da ita mazauninta. Bajamushe Werner von Siemens ne ya fara gwada dabarar a gefen Berlin a 1882, da wata keken da ta fi kama da amalanke.

Birtaniya ta shiga harkar ranar 20 ga Yunin 1911, a garuruwa biyu maƙwabta na yankin Yorkshire, Leeds da Bradford. Dalilinsu na kuɗi ne zalla. Dukansu suna da tiram, suna kuma son kai mutane unguwannin bayan gari inda fasinja bai kai yawan da za a kashe kuɗin shimfiɗa dogo ba. Sai suka ce a dasa falwaya a ja waya kawai, a bar titi yadda yake. Har aka daina, mutanen Bradford "marar dogo" suke ce mata. Rotherham ta bi sahu a 1912. Dundee da ke Sikotland ta gwada a wannan shekarar, ta watsar a 1914 saboda titunanta ba su da kyau, ita ce ta fara rufewa. Motocin farko ƙanana ne, tayoyinsu dunƙulen roba mara iska, suna girgiza mutum har hanjinsa.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya ne labarin ya sauya. Dogayen tiram da aka shimfiɗa tun wajen 1900 sun cinye, gyaransu kuma sai an fasa titi. To amma falwayoyi na nan, wayar tagulla na nan, ƙananan tashoshin wuta na nan, ma'aikatan da suka san aikin na nan, kuma, wannan shi ne ƙashin bayan maganar, tashar samar da lantarkin ita ma galibi mallakar hukumar garin ce. Hukuma ɗaya ke da titi, ita ke da wuta, ita ke da motoci. Kuɗin da sashen sufuri ya biya na wuta daga aljihun dama ya fita ya shiga na hagu, kwal ɗin da ake ƙonawa kuwa a ƙasarsu ake haƙo shi, alhali man fetur da dizal sai an shigo da su ta ruwa. Wanda ke da wannan duka, in ya ƙara waya ɗaya kusa da ta da, ya sayi bas mai ƙaho, ya huta da dogo. Birmingham ta yi haka a layin Nechells a 1922 da motoci masu bene. Wolverhampton da Ipswich suka fara a 1923, Ipswich ma ta mayar da duk sufurinta kan waya, ba ta sayi bas mai inji ba sai 1950. A 1930 wani kwamitin sarauta kan harkar sufuri ya ba da shawarar a riƙa janye tiram sannu a hankali, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya: Walsall a 1931, Huddersfield da Bournemouth a 1933, Newcastle a 1935, Reading a 1936, Manchester da Belfast a 1938.

In mutum ya ɗora waɗannan sunaye a kan taswira zai ga ba a warwatse suke ba. Sun yi cincirindo ne a yankunan masana'antu, Yorkshire da tsakiyar Ingila da kewayen Manchester, sai kuma wasu garuruwan shaƙatawa na gaɓar kudu irin su Bournemouth da Brighton da Hastings. Garuruwan masaƙu na Yorkshire a kan tuddai suke, injin lantarki kuma yana ba da duk ƙarfinsa tun daga tashi, ba ya jiran giya, don haka bas cike da ma'aikata kan haye tudun Bradford ko Huddersfield ba tare da nishi ba, a zamanin da mai inji ke rarrafe. Garuruwan gaɓar teku kuwa shiru da tsabta suke sayar wa baƙi. A Christchurch, ƙarshen wani layin Bournemouth, wurin juyawa ya yi kaɗan, sai aka yi wani faifan ƙarfe a ƙasa: mota ta hau, a sauke sandunanta, direba da kwandasta su sa kafaɗa su juya ta da ƙarfin tuwo. Duk da haka manyan birane irin Liverpool da Sheffield da Bristol da Edinburgh ba su taɓa yin ta ba. Babu wani tsari na ƙasa da ya ce kowa ya yi. Kowane gari da shawararsa, kowanne kuma sai ya nemi izinin majalisar dokoki kafin ya ja waya, saboda doka ta ɗauki motar a matsayin dangin jirgin ƙasa. A riƙe wannan, zai dawo.

Landan ta makara amma ta zo da girma. An fara a watan Mayun 1931 a kewayen Kingston da Twickenham. Da aka haɗe sufurin birnin ƙarƙashin hukuma guda a 1933, sai aka shiga sauya tiram da bas mai ƙaho daga 1935 zuwa 1940, har motocin suka kai 1,811 a kan layuka 68, babu birnin da ya kai ta a duniya a lokacin. Yawancinsu masu bene ne, masu taya shida, kujeru 70. Yaƙi na biyu ya tsayar da aikin, ya kuma kawo wani abu da ya haɗa labarin da nahiyarmu: motoci 43 da aka ƙera wa Durban da Johannesburg sun kasa tafiya saboda haɗarin teku, aka bar su suna aiki a Ilford da ke gabashin Landan. Afirka ta Kudu tana da nata layukan, Cape Town da Durban daga 1935, Johannesburg daga 1936, Pretoria daga 1939. Cardiff ta buɗe nata ana tsakiyar yaƙi a 1942, lokacin da ake rabon mai da awo. Glasgow ce auta, a 1949, inda mutane suka laƙaba mata "mutuwa shiru" don ba a jin tahowarta.

Yanzu ga tambayar da Alhaji ya yi mini, wadda ita ce tambayar kowa: abu mai kyau haka, me ya kashe shi?

Bugu na farko bai ma yi kama da bugu ba. Ranar 1 ga Afrilun 1948 gwamnati ta mayar da duk harkar lantarki hannun ƙasa. Tashoshin da garuruwa suka gina da kuɗinsu suka koma ƙarƙashin hukumomin gwamnatin tsakiya. Daga ranar, sashen sufurin gari ya zama kwastoma kamar kowa, ana kawo masa bil yana biya, ba shi da ta cewa a farashi. Aljihun dama da na hagu suka zama na mutum biyu. Ɗan majalisar gari da a da yake kare bas mai ƙaho don tana ciyar da tashar wutar garinsu, yanzu ba shi da wannan hujjar.

A daidai lokacin kuma dizal ya yi araha, injinsa ya ƙara inganci, masana'antu na fitar da bas mai inji da yawa har farashinta ya sauka, ita kuwa mai ƙaho ƙalilan ake ƙerawa, kowace da tsada. Aka shiga rushe tsofaffin unguwanni ana gina sababbi nesa da gari, ana fasa shataletale, ana mayar da tituna hannu ɗaya. Duk sauyin da injiniyan hanya ya zana, mai dizal gobe da safe za ta bi, mai ƙaho sai an tuge falwaya an sake dasawa. Wayoyin da aka ja a shekarun 1930 su ma sun kai lokacin sabuntawa gaba ɗaya a shekarun 1950. Mutane kuma sun fara sayen motocin kansu, fasinja na raguwa. Akawun da aka ajiye wa lissafin shekara biyar a gabansa, dizal zai zaɓa, kuma a kan takarda ba za ka ce ya yi kuskure ba. Hayaƙi ba ya cikin lissafin, domin ba hukumar sufuri ke biyan kuɗin asibiti ba. Gaskiya ne ita ma wutar da kwal ake samar da ita, amma akwai bambanci tsakanin bututun da ke can bayan gari da salansar da ke daidai hancin yaro.

Leeds ta fita tun 1928, Birmingham a 1951, amma wanda ya karya kasuwar shi ne Landan. A 1954 ta sanar za ta daina, ta fara kwashewa a 1959, ranar 8 ga Mayun 1962 ta ƙarshe ta shiga gareji a Fulwell, inda aka fara. Jar bas ɗin nan mai suna Routemaster ta gaje ta. Motocin da suka fi sabunta, guda 125, aka sayar wa Sifaniya, suka ci gaba da aiki a can shekaru da dama, wanda ya nuna ba tsufa ya kore su ba. Babban mai saye ya tashi daga kasuwa, sai masu ƙera motar da masu ƙera kayan waya, maƙalai da mahaɗai da ƙarafan raba hanya, suka fara rufe layukansu. Duk garin da ya daina sai kaya ya ƙara tsada ga wanda ya rage, shi ma ya daina. Da na zo nan Alhaji ya katse ni, ya ce, "Ai wannan mun san shi. Janaretan da ba ka samun sifiyansa a kasuwa, ko kyauta aka ba ka wahala aka ba ka." Ya fi ni fahimtar wannan gaɓar, domin da ita yake cin abinci.

Shi ya sa na ce a riƙe maganar kowane gari da shawararsa. Babu ranar da Birtaniya ta zauna ta ce ba ta son bas mai ƙaho. Garuruwa ne ɗaiɗai, kowanne na duban littafinsa, har aka wayi gari babu saura. Layin haɗin gwiwa tsakanin Wolverhampton da Walsall ya mutu a 1965 saboda aikin babbar hanya. Newcastle da Manchester da Nottingham suka rufe a 1966, Glasgow da Wolverhampton a 1967, Belfast da Huddersfield da Reading a 1968. Na Bournemouth ya fi ba ni takaici: ita ta sayi sababbin motoci na ƙarshe a ƙasar a 1962, ta rufe a 1969, motar da za ta iya shekara ashirin ta yi bakwai. Cardiff da Walsall a 1970. Teesside ta ƙara tsawon layinta a 1968, ta rufe a 1971.

Bradford ta yi ta maza. Ta riƙa bin garuruwan da ke rufewa tana sayen motocinsu kwance, tana ɗora musu sabon jiki, tana tara kayan waya na hannu. Da haka ta kai shekara 60 cif a 1971. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 26 ga Maris na 1972 ta kashe wutar. Wata goma sha tara bayan nan, a Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashin ɗanyensa ya ninka kusan sau huɗu. Lissafin da aka yi a kan arahar dizal ya rushe, amma waya an riga an sayar da ita a matsayin tagulla. Da Leeds ta nemi dawo da tsarin a wannan ƙarnin, kan kuɗi kusan fam miliyan 250, gwamnati ta ƙi amincewa a watan Mayun 2016. Yau mai son hawa a Ingila sai ya je gidan tarihi irin na Sandtoft kusa da Doncaster, a wani tsohon filin jiragen yaƙi, a zaga da shi.

Ba kowa ya bi wannan hanyar ba. Shanghai tana gudanar da nata tun 1914 ba yankewa. Biranen Suwizalan, masu wutar madatsun ruwa da tuddai, sun riƙe nasu. Mosko da ta taɓa zama ta ɗaya a duniya ta rufe a 2020, Johannesburg a 1986. Prague ta rufe a 1972 kamar Bradford, sannan ta dawo, har a 2024 ta buɗe layi zuwa filin jirgin sama. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne Quito, babban birnin Ekwado, da ya buɗe layi a 1995 a kan hanyar da aka keɓe wa bas kaɗai, da tashoshi masu dakali. Motocin zamani kuma suna ɗauke da batir: suna caji suna tafe a ƙarƙashin waya, inda waya ta ƙare su sauke ƙaho su ci gaba. Tsohon aibin nan na rashin iya kaucewa hanya ya ragu ƙwarai.

Legas ba ta taɓa samun bas mai ƙaho ba, kuma ina ganin dalilin na cikin labarin da ya gabata. Kusan ko'ina, tiram mai lantarki bas mai ƙaho ta gada. Namu tiram, da aka buɗe a 1902 daga Iddo ya haye gadar Carter zuwa cikin tsibiri, na tururi ne. Ya daina ɗaukar fasinja kafin yaƙin duniya na ɗaya, aka bar reshen da ke kwashe bahaya da dare har 1933. Bai bar falwaya ko waya da za a gada ba. Sai motocin haya masu inji: bolekaja, sai molue, sai danfo. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙulla aka soke shi a 1985.

Amma dubi inda muke yanzu. Tun ranar 17 ga Maris na 2008 akwai hanyar BRT, wato ta manyan bas kaɗai, daga Mile 12 zuwa CMS, an kai ta Ikorodu a 2015, ga ta Oshodi zuwa Abule Egba tun 2020. Hanya ce miƙaƙƙiya, keɓaɓɓiya, motoci na bin juna ba ƙaƙƙautawa, irin wurin da waya ke biyan kuɗinta ke nan. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ɗan'uwanmu mai dakon tumatir a Mile 12 ko mai yanka a Oko-Oba ya san rabon da kuɗin mota ke ci a cikin abin da ya samu. Kuma a 2023 aka gyara tsarin mulki da dokar lantarki, jihohi suka samu ikon samarwa da rarraba wutarsu, Legas ta sa hannu a kan tata dokar a Disamban 2024. Wato abin da aka ƙwace wa garuruwan Birtaniya a 1948, shi ake miƙa wa jiharmu yanzu. Wannan ne ya sa na ɗauki maganar da zafi.

Ba na cewa gobe a fara dasa falwaya. Na san ɓarayin kebul, na san tirelolin Apapa masu kwantena da za su iya tsinke waya, na san ambaliyar damina, na san yadda wutar ƙasa ke faɗuwa gaba ɗaya. Bas mai ƙaho da za ta dogara da layin da ke kawo wa gidajenmu wuta, gara ba a yi ba, don ranar da aka ɗauke, daga Ketu zuwa Fadeyi motoci za su tsaya cak da mutane a ciki. Mai yiwuwa ma bas mai batir zalla, irin wadda aka fara gwadawa a nan a 2023, ta fi dacewa da wasu layukan, ko da yake batir na da nauyi, yana tsufa, zafi na cin sa, kuma da dala ake sayen sabo. Ko wacce aka zaɓa, tambayoyin da suka kashe ta Bradford su zan so in ji an amsa tun kafin a yanke ƙyalle: wa ke da wutar, wa ke sa mata farashi, kuma shekara goma sha biyar nan gaba a wace kasuwa makanike zai samu kayan gyara. In Legas kaɗai ta yi, Kano da Ibadan da Abuja kowa ya sayo nasa samfurin daban, babu ɗan kasuwar da zai cika shagonsa da sifiya saboda gari ɗaya.

Da la'asar na yi wa Alhaji sallama, ya rako ni bakin titi yana cewa in Allah ya kai shi tafiya ta gaba zai tambayi kuɗin mahaɗin waya ɗaya, don ya san ko abin na talaka ne. Na shiga danfo zuwa Mile 2, na hau jirgin lantarkin da ya fara jigila ranar 4 ga Satumban 2023, kilomita 13 zuwa Marina, a sanyaye, ba ƙauri. Daga can na taka zuwa layin BRT, na taɓa katina na samu kujerar taga. Muna hawa titin Ikorodu aka kunna fitilun hanya, na riƙa ƙirga sandunansu ɗaya bayan ɗaya tsakanin Fadeyi da Maryland, ina auna tazararsu da ido, har hayaƙin wata tifa da ke gefenmu ya shigo ta tagar, matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe wa jaririnta fuska.